Shekara 12 Kan Fuska Ɗaya: Fashin Baƙin Hoton Madam Moitessier

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke dandalin Trafalgar a Landan akwai hoton wata Bafaranshiya zaune a kan kujera, sanye da farar rigar siliki mai furanni, ta kai yatsunta gefen kanta. Tsawon hoton santimita 120 ne, faɗinsa 92. Wanda ya zana shi, Jean-Auguste-Dominique Ingres, ya karɓi aikin a 1844, bai kuma sa masa hannu ba sai a 1856. Matar tana da shekara 23 lokacin da aka fara maganar, tana da 35 lokacin da aka gama. Shi kuwa mai zanen, kusa da sunansa a jikin hoton ya rubuta nasa shekarun: 76.

Duk wanda ya ji an kwashe shekara goma sha biyu ana aiki ɗaya zai ɗauka ba a bar ko ɗigon kuskure a cikinsa ba. Amma in ka ƙura wa hoton ido za ka ga abubuwa uku da ba su yi daidai da yadda duniya take ba. Hannun da ta ɗaga kamar babu ƙashi a cikinsa. Madubin da ke bayanta yana nuna abin da madubin gaske ba zai taɓa nunawa daga inda kake tsaye ba. Fuskarta kuma ba ta budurwa ba ce, ba ta uwar 'ya'ya ba ce, ba ka iya ba ta shekaru. Ga shi kuwa a Faransa ta wancan zamani babu wanda ya kai Ingres iya fitar da siffar jikin ɗan Adam da fensir. Ruwa ba ya tsami banza. Da gangan ya yi su, kuma a ganina a wurin nan darajar hoton take.

Sunan matar Marie-Clotilde-Inès de Foucauld. An haife ta a 1821, mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne a sashen kula da dazuzzuka da ruwaye. A 1842 aka ɗaura mata aure da Sigisbert Moitessier, attajiri mai harkar banki da cinikin leshi, wanda matarsa ta fari ta rasu, wanda kuma ya ninka ta a shekaru. Bayan shekara biyu wani tsohon aminin Ingres mai suna Charles Marcotte ya kawo masa ƙoƙon bara a madadin gidan: a zana amarya. Ingres ya ce a kai kasuwa.

Ƙin nasa yana da dalili. A makarantar zane ta Faransa ayyuka hawa-hawa ne. A can sama akwai zanen tarihi, wato manyan labaran addini da na Girkawa da Rumawa. Zanen fuskar wani mai kuɗi yana ƙasa da wannan, ana yi masa kallon aikin neman na cefane. Ingres, haifaffen garin Montauban a 1780, almajirin fitaccen mai zane Jacques-Louis David, ya ci babbar gasar da ke kai matasan masu zane karatu Rum tun a 1801, ya tafi Italiya a 1806, bai dawo ba sai 1824. Bayan faɗuwar Napoleon masu ba shi aiki suka watse, ya koma zana fuskokin Turawan Ingila 'yan yawon buɗe ido da fensir don ya ciyar da gidansa. Yau ana rububin waɗannan ƙananan zane-zane, amma shi a lokacin ƙasƙanci ya ɗauke su. To a 1844 ya riga ya zama babba, ya shugabanci makarantar Faransa da ke Rum daga 1835 zuwa 1841, yana kuma fama da wani gagarumin zanen bango a fadar Dampierre. Me zai yi da matar mai banki? Sai da ya gan ta ido da ido ya sake shawara. Kyawunta irin wanda ya daɗe yana gani ne a mutum-mutumin dutse na mutanen da: faffaɗar fuska, miƙaƙƙen hanci da ya sauko daga goshi ba lanƙwasa, cikar kafaɗu. Tun daga ranar farko, kenan, abu biyu yake gani a lokaci guda, mace mai rai ta birnin Faris da kuma wata siffa da ta girme ta da shekaru kusan dubu biyu.

Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Da farko an shirya a zana ta tare da 'yarta ƙarama, Catherine, jingine a jikinta. Yarinya ba ta zama wuri ɗaya, shi kuma dattijon ba mai haƙuri da motsi ba ne, sai aka cire ta. A 1849 matarsa Madeleine, wadda suka shafe fiye da shekara talatin tare, ta rasu, ya ajiye burushi na tsawon watanni, ya kuma watsar da aikin Dampierre. Da aka kai 1851 babu hoto babu dalilinsa, sai ya ɗauko sabon ƙyalle ya zana ta a tsaye cikin baƙar riga, da furanni a gashinta da doguwar sarƙar lu'ulu'u, ya gama cikin 'yan watanni. Wannan hoton yana Washinton a yau. Mai kyau ne, amma a wurina bai kama ƙafar na zaunen ba. Na tsayen ya biya bashi ne. Na zaunen shi ne abin da ya ƙi barin zuciyarsa, domin a 1852, shekarar da ya sake aure, ya koma kansa, ya ƙara shekara huɗu yana gogewa yana sakewa.

A fara da rigar, tunda ita ce ke fara cafke ido, ita ce kuma ta cinye kusan rabin hoton. Ba ita aka fara da ita ba. An sauya tufafin fiye da sau ɗaya, har an taɓa tsayawa kan wata rawaya, domin yayin mata ba ya jiran mai zane, kuma babu matar attajirin da za ta yarda a rataye ta a bango cikin ɗinkin da ya wuce. Wadda aka ƙare da ita siliki ce ta Lyon, birnin masaƙa, fara mai damin furanni ja da shuɗi da rawaya da ganye kore, an yi mata ado da geza da ƙulle-ƙullen ribon a ƙirji da hannuwa, kafaɗu a buɗe kamar yadda manyan matan Turai ke yi a taron dare. Ka matso da hoton a waya ko kwamfuta ka dubi inda yadin ya naɗe a kan cinyarta. Furen da ya faɗa cikin ninki ya karye daidai yadda zai karye a yadin gaske, rabinsa ya ɓace, sauran ya ɓullo a ɗaya gefen a karkace. Inda siliki ya kumbura haske ya zauna a kai, inda ya lotsa farin ya koma toka-toka. Kowane zaren geza yana da hanyarsa. A nan Ingres bai yi wa gaskiya ragi ko na anini ba. Haka ma awarwaron zinariya masu duwatsu a hannayenta, da abin maƙalawa a ƙirjinta, da naɗaɗɗen maficin da ta riƙe da hannun hagu, da tulun tangaran na Japan da ke kan teburi a gefe. An san shi da sa baki a kan irin kayan adon da mace za ta sa kafin ta zauna gabansa, saboda haka babu abin da ya shigo hoton bisa tsautsayi.

Rigar tana da siyasarta. A 1853 sarkin Faransa Napoleon na Uku ya auri Eugénie, kuma sabuwar sarauniyar ta riƙa sa manyan rigunan silikin Lyon don a farfaɗo da kasuwar masaƙan birnin, waɗanda suka yi bore a 1831 da 1834 kan ƙarancin lada. Ita ce kuma ta ƙara rura wutar sha'awar kayan ƙarni na 18, zamanin sarakunan da juyin juya hali ya kawar. Teburin da aka shafe da ruwan zinariya a hoton, da salon furannin rigar, duk na wannan yayi ne. Masu sabon kuɗi na banki da masana'antu suna aron kamannin tsohuwar sarauta. Wanda ya shiga falon gidan Moitessier a 1857 ya ga wannan hoto, ba sai an gaya masa nauyin aljihun maigidan ba.

Yanzu ɗaga ido daga yadin zuwa fatar jiki, za ka ji kamar an sauya doka. Kafaɗunta da damatsanta sumul suke, babu jijiya, babu tudun ƙashi, babu tabo. Inuwa kaɗan ce ƙwarai, iya wadda za ta nuna jikin a mulmule yake. Ba ka ganin sawun burushi ko ɗaya. Ingres yana shimfiɗa fentin mai siriri-siriri, shafi bisa shafi, har sai alamar hannunsa ta ɓace. Fuskar kusan ƙwai ce, gashi baƙi an tsaga shi a tsakiya an kwantar, idanu suna kallonka ba tare da sun nemi komai a wurinka ba. Bakin bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure ba. Matar ta shafe shekara goma sha biyu tana zuwa tana zama, ta yi haihuwa, ta yi rashi, ta ga an tumɓuke sarki a 1848 an kafa jamhuriya, ta ga jamhuriyar ta rikiɗe ta zama daula, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai bar sawu a fuskar ba. Ba Inès ta wata rana takamaimai ya zana ba. Ya tace shekarun ne ya fitar da abin da yake ganin ba ya sauyawa a cikinta.

Sai hannun, wanda ya fi komai jawo magana. Bahaushe na ganinsa zai ce ta buga tagumi, ya fara tambayar abin da ke damunta. Amma ka sake dubawa. Mai tagumi yana ɗora nauyin kansa ne a tafin hannu, haɓa ta nutse, kunci ya tattare, wuya ya karye gefe. Ita kuwa wuyanta a miƙe yake, kanta yana ɗauke da kansa. Manuniyarta ce kawai ta taɓa gefen goshi, sauran yatsun suka baje a gefen fuska ba tare da sun danna fata ba. Hannun ba ya tallafar komai. Kuma yatsun nan ba su da gaɓoɓin kirki, sun tanƙwaru kamar ba ƙashi, tsintsiyar hannun ta lanƙwashe a hanyar da in ka gwada da naka hannun za ka ji ciwo kafin ka kai. Masu sharhi na zamaninsa sun sha caccakar sa a kan irin wannan, cewa yana ƙara wa mata tsawon baya, yana narkar musu da yatsu, yana yi wa halitta gyara.

Asalin wannan zama yana Italiya. A shekara ta 79 dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum. Da aka tono Herculaneum a ƙarni na 18, an sami wani zanen bango na Rumawa da ke nuna gwarzon tatsuniyarsu Hercules yana duban ɗansa Telephus, wanda barewa ke shayarwa. A saman wannan zane akwai wata ƙasaitacciyar mace zaune, wadda ke wakiltar yankin Arkadiya na ƙasar Girka, ta kai hannu gefen kanta, tana duban nesa cikin natsuwar wanda babu abin da ke girgiza shi. Zanen yana gidan kayan tarihi na Naples har yau, kuma Ingres ya san shi sarai. Zaman wannan mace ya ɗauko ya ba matar mai banki. Ga Bafaranshen da ya yi karatu a lokacin, hannun nan alamar isa ce da zurfin tunani, ba ta damuwa ba.

To amma me ya sa ya zare ƙashin? Amsar tana cikin yadda Ingres ya fahimci zane. A wurinsa layi shi ne sarki, launi bara ne. Wannan ce rigimarsa ta shekara da shekaru da Eugène Delacroix, wanda ke gina hoto da launi da motsin burushi, rigimar da ta fito fili a babban baje kolin duniya na Faris a 1855, inda aka baje ayyukan kowannensu da yawa. Ka bi layin da ya taso daga kafaɗarta ta dama, ya gangara zuwa gwiwar hannu, ya juyo ya hau zuwa yatsu, ya zagaye fuska, ya sauko ta ɗaya kafaɗar zuwa hannun da ke riƙe da mafici. Layi ɗaya ne mai gudana, ba ya tuntuɓe a ko'ina. Da ya sa tudun ƙashin tsintsiyar hannu da ƙullin gaɓoɓin yatsu yadda suke a zahiri, da idonka ya tsaya cak a wurin, tafiyar ta katse. Ya zaɓi ya saɓa wa likita don ya yi wa ido biyayya. Mutum ne mai goge, ya ma taɓa kaɗa ta a ƙungiyar makaɗan Toulouse yana yaro, kuma ina ganin da kunnen makaɗi yake auna layi: abin da ya dame shi shi ne kada sautin ya yanke.

Madubin shi ne ya fi ƙarfin hali. Matar tana fuskantarmu ne, ta ɗan karkata kaɗan. Madubin yana bayanta. Bisa ƙa'ida abin da ya kamata mu gani a ciki shi ne ƙeyarta da bayan kafaɗarta. Amma abin da ya bayyana cikakken gefen fuska ne, goshi da hanci da haɓa a jere, irin yadda ake buga kan sarakuna a jikin tsabar kuɗin Rumawa. Babu inda za ka tsaya a ɗaki ka ga waɗannan biyun tare. Ba kuma wannan ne karonsa na farko da madubi ba: ya sa shi a hoton Madam de Senonnes da ke Nantes, ya sa shi a na Kwantes d'Haussonville na 1845 da ke New York. Ya san yadda madubi ke aiki, ya ga dama ne ya saɓa.

Abin da ya samu da wannan saɓawa yana da yawa. Ya nuna mana adon leshi da ribon da ke bayan gashinta, wanda da ba mu gani ba. Ya ba mu fuska biyu a hoto ɗaya, kamar mun zagaya mutum-mutumi. Mafi muhimmanci, ya ajiye matan nan biyu da ya gani tun ranar farko kusa da juna: a gaba ga Inès ta Faris cikin silikinta, a madubi ga ta Rumawan da, mai miƙaƙƙen hanci. Ka kuma lura da cewa ta cikin madubin dusu-dusu take, launinta ya mutu, ta gaban ce ke walƙiya. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a nan Faris, inda siffa ke fitowa a kan faranti mai ruwan azurfa da ke ƙyalli irin na madubi. Kafin a gama wannan zane shagunan masu ɗaukar hoto sun cika birnin, mutum na iya samun kamanninsa a yini ɗaya da kuɗi kaɗan. Ni dai ina karanta dusashewar madubin nan a matsayin amsar dattijon: abin da ke kwafe kawai ba ya kai abin da aka yi tunani a kansa haske. Fahimtata ce wannan, amma duk lokacin da na dubi bambancin fuskokin biyu sai ta ƙara zauna mini.

Akwai abin da ke sosa mini rai a hoton, kuma bai kamata a rufe shi da yabo ba. Mun san zaren rigarta ɗaya bayan ɗaya, amma ba mu san abin da ke ranta ba. An cire mata 'yarta daga cinya saboda ta hana layi tafiya. An goge mata shekarunta. Mijin ya sami allon nuna dukiya, mai zanen ya sami siffar da yake mafarki tun yana saurayi a Rum, ita kuwa an ɗaukaka ta har ta daina zama mutum irinmu. Wanda ya ce wannan sanyi ne, ko ma rashin adalci ne ga mace mai rai, bai yi ƙarya ba. Sai dai ban yarda ta ɓace gaba ɗaya ba. Ka rufe rigar da tafin hannunka ka bar idanun kaɗai. Akwai nauyi a fatar idon, akwai wata 'yar cika a ƙarƙashin haɓa da babu mutum-mutumin Girkawa da ke da ita, akwai kallon wadda ta saba a jira ta, ta kuma iya jira. Shekara goma sha biyu tana dawowa gaban tsoho mai wuyar sha'ani, ba ta janye ba. Wannan haƙuri da wannan isa nata ne, ba na Arkadiya ba, kuma sun shiga hoton ko ya so ko bai so ba. A saman hoton ma an rubuta sunanta har da na gidan ubanta, de Foucauld, ba na miji kaɗai ba.

Ingres ya rasu a 1867, Inès a 1897. An baje hoton a Faris a 1921, a nan fitaccen mai zane Pablo Picasso ya gan shi, kuma abin ya zauna masa har shekara goma sha ɗaya. A 1932 ya zana masoyiyarsa Marie-Thérèse Walter zaune a kujera, hannu a gefen kai, da gefen fuska a cikin wani firam a bayanta, sai dai ya musanya mafici da littafi, ya kuma cika ƙyallen da launuka masu ƙarfi da baƙaƙen layuka masu kauri. Abubuwan da aka zargi Ingres da su, narkakken hannu da madubin da ba ya bin doka, su ne daidai abin da Picasso ya ɗauka ya faɗaɗa. Rigar da kowa ke yabo kuwa bai damu da kwafe ta ba. National Gallery ta sayi hoton Ingres a 1936. Na Picasso yana gidan zane na Norton Simon a Kalifoniya, kuma sai a 2022 aka fara rataye su gefe da gefe, a Landan tukuna, daga baya a Pasadena.